Yadda Za Ka Ɓoye Wa Mama Zuwan Babban Yaya

Idan ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawari mahaifiyarka ba za ta san komai ba sai ranar Kirsimeti. Na gwada da kaina. Sau ɗaya.

Ga abin da kake bukata: babban wa da ya shekara huɗu yana aiki a nesa bai leƙo gida ba, yaya mace ma'aikaciyar jinya mai son shirya wa mutane rayuwa, da uwa tela.

Mataki na 1: Ka zama mara magana

Wannan aikin shekaru ne. Ka gama sakandare, ka zauna gida kana jiran sakamako. In an tambaye ka, ka ce "to". In an sake tambaya, ka ce "haka ne". Wata rana Yaya Nas, ma'aikaciyar jinyar nan, za ta ja ka gefe ta ce, "Kai kaɗai na yarda da kai, don kai ko gobara ka gani sai an tambaye ka."

Kada ka yi murmushi. Murmushi yana jawo tambaya.

Mataki na 2: Ka zaɓi inda Mama ba ta zuwa

Shagon gahawa. Mama ta ce duk mai fita waje shan ruwan zafi bai da murhu ne a gidansu.

Ku je da hantsi. Ku zauna a lungun nan kusa da taga, kan kujera mai laushi da ke haɗiye mutum har gwiwarsa ta kai haɓarsa. Akwai ɗumi, akwai ƙamshi, injin gahawa na huci kamar tsoho ya hau bene. Mai shagon za ta zana ganye da madara a saman kofinka. Ka juya cokali ka ɓata shi. Kai ba yawon buɗe ido ka zo ba.

Nan Yaya Nas za ta sunkuyo ta ce, "Babban Yaya zai zo. Safiyar Kirsimeti, kafin mu tafi coci. Shekara huɗu Mama na ajiye masa faranti ba ya zuwa. Bana ina so in ga ta saki abin da ke hannunta ya faɗi. In ka tona, na tsire ka da allura."

Ka ce, "To."

Mataki na 3: Ka tuna da riga

Kowace shekara Mama takan sayi yadi ɗaya ta ɗinka wa 'ya'yanta duka. Wanda ba ya nan ba ta yanka masa, ta ce ba ta ɗinka wa mutum da ka. Idan Babban Yaya ya iso babu riga, zai tsaya a hoto kamar baƙo.

Nan ne za ka kawo shawara. Mara magana in ya buɗe baki kowa na sauraro, shi ne haɗarin. Ka ce, "A karɓo awonsa. Zan ce nawa ne."

Yaya Nas za ta dube ka ta ce, "Ashe kana da kai."

Ta kira shi. Ya karanto awon da telansa na can ya yi masa. Ka rubuta a jikin tishun shagon, tunda ba ku zo da takarda ba. Wuya sha bakwai. Kafaɗa sha tara. Hannun dama ashirin da biyar, na hagu ashirin da huɗu da rabi. Ka rubuta komai yadda ya faɗa. Masana sun ce ƙarya mai kyau tana son cikakken bayani. Ban san su wane ne masanan ba.

Mataki na 4: Ka miƙa takardar

Ka same ta kan keken ɗinki, tef a wuya, fil biyu a baki. Ka ce, "Mama, bana babba nake so. Shi ake yayi."

Za ta karanta. Za ta sansana tishun. Za ta dube ka daga wuya zuwa ƙugu, kai da ko iska ta taso sai ka riƙe ƙofa. Idonta zai tsaya a layin ƙarshe, ya daɗe a wurin. Keken zai yi shiru.

Sai ta cire fil ɗin daga baki ta ce, "To."

Ka koma ɗaki ka aika wa Yaya Nas saƙo: An gama.

Mataki na 5: Ka jure gwaji

Mama ba ta taɓa gwada maka riga fiye da sau ɗaya ba. Bana sau biyar. Kuma kullum sai lokacin da matan layinku suka zo karɓar ɗinki.

"Zo nan, ɗan yayi. Ɗaga hannu. Juya su gani."

Rigar za ta sauko maka har gwiwa. Wata za ta ce, "Maman yara, wannan riga ce ko gidan sauro?" Mama za ta ce, "Ku bar shi, haka samarin yanzu ke so. Ko in ƙara maka inci biyu a ciki? Na ga kamar mai rigar yana cin abinci sosai."

Ka ce, "Haka ne." Ka ɗaure fuska. Sirri na hannunka, su kuma dariya kawai gare su.

Mataki na 6: Ranar

Ka sa rigar nan mai kama da tanti ka tsaya a falo. Yaya Nas ta saita waya don ɗaukar bidiyo. Mama na riƙe da tire cike da kofuna. A ƙwanƙwasa ƙofa.

Babban Yaya ya shigo da jaka, ya buɗe hannuwa ya ce, "Mama!"

Mama za ta ajiye tiren a hankali, ko cokali ba zai yi ƙara ba. Ta ce, "Ka makara. Kai kuma ɗan yayi, cire masa rigarsa, taka na kan gadonka, tun jiya na goge ta."

Yaya Nas ta juyo kanka. "Kai ka tona!"

"Bai ce komai ba, ai shi ba ya cewa," in ji Mama. "Ɗa nawa na haifa da ya faɗo daga kan katanga ya karya hannun hagu? Shekara ashirin ina rage rabin incin nan. Ku kawo mini shi a takardar goge baki, wai yayi!"

Daga nan ta kama hannun nan na hagu na Babban Yaya, ta shafa daidai inda ya karye, ta ce, "Ka yi ƙiba." Ta kifa fuska a kafaɗarsa mai inci sha tara. Ka kalli silin. Kai ba ka kuka, ƙurar yadi ce.

Mataki na 7: Ka karɓi hukunci

Washegari za ta yafa gyale ta ce, "Ku tashi ku kai ni inda ake ƙulla mini makirci." Za ta zauna a kujerarka ta lungu, ta sha gahawa ta ce da ɗaci, ta sha kofi biyu, sannan ta gaya wa mai shagon cewa an karkata ɗinkin labulenta.

Gargaɗi

Babu ruwan marubucin nan da abin da zai same ka. Alkawarin da na yi a sama bai shafi uwa mai tef a wuya ba. Idan matan layinku suna kiranka Gidan Sauro har yau, kada ka neme ni. Ni ma sunan da nake amsawa ke nan.