Yadda Za Ka Burge Suruka Mai Hancin Wuski

Ɗan'uwa, in ka zo neman aure a tsibirinmu, kuma aka yi rashin sa'a uwar yarinyar ce babbar mai shinshina ta matatar giyar wuski, kwantar da hankalinka. Na daɗe ina zagayawa da baƙi a matatar nan. Na ga ƙarya iri-iri, na san wadda ke kai mutum gida da wadda ke mutuwa tun a bakin ƙofa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin aure.

Shaidata Torquil, wani mai sayar da labule daga garin Paisley, wanda ya zo neman Ishbel, 'yar Morag. Hancin Morag ne ke yanke hukuncin gangar wuskin da ta nuna da wadda za ta ƙara shekaru a sito. Shi kuwa Torquil, tun da aka fasa masa hanci a wasan ƙwallo yana yaro, da turare da ruɓaɓɓen kifi duk ɗaya ne a wurinsa.

Mataki na 1: Rufa wa hancinka asiri

Tun a jirgin ruwa Ishbel ta ja masa kunne.

"Don Allah kada ka gaya wa Mama ba ka jin ƙamshi. Wanda ya zo kafin kai ƙanƙara kawai ya nema a kofinsa, a jirgin yamma aka mayar da shi."

"Yanzu ƙanƙara laifi ce?"

"A gidanmu? Gara ka zagi kakana."

Torquil ya zuba wa teku ido. Shi duk saninsa da wuski, abu ne da ake tsiyaya wa lemo don ya shawu. Amma yana son Ishbel kamar ransa, kuma ta riga ta faɗa masa ba za ta auri wanda uwarta za ta riƙa yi wa dariya ba. Don haka ya rufa wa hancinsa asiri, kai ma ka rufa wa naka. Hanci bai taɓa tona kansa ba, baki ne ke tona shi.

Mataki na 2: Riƙe kalma ɗaya tak

Abin da muke yi a nan sunansa "singil molt", wato wuskin sha'ir zalla na matata guda, ba a gauraya shi da na kowa. Faɗi kalmar sau ɗaya, a hankali, kana kallon nesa. In ka maimaita, za a yi maka tambaya.

Mataki na 3: Kada ka nemi maigida

Da isarsu Torquil ya ga wani dattijo mai gemu a ƙofar gida, ya rusuna ya ce, "Baba, a ganinka wace ganga ce ta fi a bana?"

Dattijon, wato Hector mijin Morag, ya dube shi da tausayi. "Ni? Ni tumaki nake kiwo, ɗan nan. Abin da aka zuba mini shi nake sha, in na yi magana a ƙwace. Shiga ciki, matan na jiranka."

Matan su ne Morag da ƙanwarta Effie, mai kula da sito. Morag ta miƙa masa hannu, ta ɗan matso, ta shaƙi iska.

"Sabulun otal," in ji ta. "Da albasa. Da tsoro."

"Sannu da gida, Mama," in ji Torquil.

Mataki na 4: Zagaya kana gyaɗa kai

Za a nuna maka manyan tukwanen tagulla masu dogon wuya. Goya hannu a baya, ka ce "Hmm." Za a nuna maka gangunan da suka girme ka. Ka ce "Hmm" mai ɗan tsawo. Masana sun tabbatar rabin ilimin wuski a maƙogwaro yake, bai kai ga harshe ba.

Sai dai ka lura da abin da jama'a ke yi. Da aka buɗe ɗakin da ake busar da sha'ir da hayaƙin gawayin fadama, kowa ya toshe hanci, har Ishbel da aka haifa a ciki. Torquil kuwa ya shiga tsakiya ya buɗe ƙirji.

"Kai, iskar tsibiri akwai tsabta!"

Effie ta dubi Morag. Morag ta dubi rufin ɗaki.

Mataki na 5: Faɗi abin da ba mai iya ƙaryatawa

A teburin ɗanɗano, ɗaga kofin ka duba shi a haske kamar mai neman ƙuda. Juya shi. Cusa hanci. Sannan ka kira sunan abin da babu wanda ya taɓa shinshinawa: igiyar jirgin kakanka, aljihun limamin cocinku, akwatin da ruwan sama ya doka a wata ƙasa.

Torquil ya yi duk wannan, sannan ya kurɓa. Wuta ta bi maƙogwaronsa har cibiya. Hawaye suka zubo sharr.

"Lafiya, ɗan nan?" in ji Morag.

"Kakata na tuna, Mama," ya faɗa da muryar da ba tasa ba.

"Kakar taka barkono take sayarwa?" in ji Effie.

A kofi na biyu ya ce yana jin ƙamshin labule sabo. A na uku ya ce labulen ne dai, amma an wanke. Ishbel ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Gumi ya jiƙa masa riga, ya fara tunanin jirgin yamma da yadda zai koma shago shi kaɗai.

Morag ta miƙe. Ta shiga ɗakin ciki, ta fito da wata kwalba mara suna, ruwan cikinta ja kamar zuma.

Mataki na 6: Kwalbar da ba ta da suna, yabe ta da dukkan zuciyarka

"Wannan ba kowa nake ba wa ba," in ji Morag, ta tsiyaya masa shi kaɗai.

Torquil ya runtse ido ya kurɓa, yana jiran wutar. Shiru. Ya ƙara kurɓa. Abu ya wuce sumul, ba ƙuna, ba yaƙushi. Karon farko tun safe ya yi maganar da ta fito daga zuciyarsa.

"Mama! Wannan shi ne! Sauran duk faɗa suke yi da mutum, wannan kuwa rarrashi yake yi. Wallahi zan iya shansa kullum da safe."

"Haka mutane da yawa ke yi," in ji Morag. "Shekararsa nawa a ganinka?"

"Ba zai gaza talatin ba."

Effie ta fita da gudu tana tari. Ishbel ta kifa kai a tebur. Shayin safe ne da ya huce a buta aka ɗura a kwalba, ba madara, ba sukari.

Morag ta ja 'yarta sito, aka bar Torquil yana ƙara wa kansa. Ni ina bayan ganguna, na ji komai.

"Mama, don Allah, mutumin kirki ne. Hancinsa ne kawai..."

"Ke, rufe mini baki. Wa ya ce zan kore shi? Mijin yayarki hanci gare shi kamar na kare, ya shanye mini rabin gangar da nake ji da ita. Wannan kuwa suruki ne da zan ba makullin sito in yi barcina. Maza ki riƙe shi."

Mataki na 7: Bayan aure, kada ka yi bincike

Ranar biki aka fasa tsohuwar ganga, jama'a suka sha suka yi rawa. Ango kuwa kwalbarsa daban, Morag da kanta take tsiyaya masa. Ya sha kofi bayan kofi, ko tangaɗi bai yi ba. Mazan tsibiri suka jinjina masa, don matansu sun gargaɗe su kada su tona asirin kwalbar.

Har yau haka ake. Duk taron dangi Torquil na gefe da kwalbarsa, yana tausaya wa masu raunin kai, in an tashi shi ke kwasar kowa a mota ya kai gida. Kwanan baya ya ja ni gefe ya raɗa mini wani sirri da ya gano da kansa: wai singil molt na gaske, in ka tsoma masa biskit, ya fi daɗi.

Na ce masa, "Hmm."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu in an mayar da kai a jirgin yamma, ko harshenka ya saɓule, ko ka wayi gari kai ne direban dangin matarka har tsufa. Wanda bai sha ba ma bai yi asarar komai ba, buta na nan a kowane gida. Wanda kuma ya kai wa Torquil wannan takarda, shi da Morag, ni ban san shi ba.