Rasuwar Malam Tsaya, Wanda Gyaran Surukina Ya Kashe

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, da ido ɗaya a rufe da auduga, ni Balarabe Maiwada, mai shagon jera littattafai a unguwar Ƙuba a nan ƙasa mai tsarki, nake sanar da 'yan'uwa da ɗalibai da malamai rasuwar Malam Tsaya. Ba ciwo ne ya kashe shi ba. Surukina Abdulmajid, mijin 'yata Sundus, injiniya a Yanbu, shi ya kashe shi ranar Larabar da ta wuce, tsakanin azahar da la'asar, yana zaune a kan kujerata yana shan shayina. Al'ada ta hana ni in dubi idon suruki in gaya masa abin da ya aikata. Ba ta hana ni rubutawa ba.

Ga wanda bai san marigayin ba, Malam Tsaya ba mutum ba ne, shi ya sa ba za ku ga na jawo masa aya a nan ba. Wannan haƙƙin 'yan Adam ne. Shi ɗan jerin umarni ne a cikin kwamfutar shago. Ɗalibi zai kawo risalarsa, wato kundin binciken da zai miƙa wa jami'a, a buɗe baƙin allo, a rubuta kalma ɗaya, "jera". Sai marigayin ya ɗauki rubutun ya fito da shi shafi bayan shafi kamar littafi, Larabci ya tafi ta hannunsa, ƙarin bayani ya zauna a ƙasa, fihirisa ta koma baya. Ni na haɗa shi shekara goma sha uku da suka wuce, da yatsu biyu da ƙamus, da taimakon wani ɗalibi ɗan Cadi mai suna Hamid wanda ya daɗe da komawa gida. Shi ya san harshen injin, ni na san abin da ya kamata a gaya wa mutane.

Marigayin mai gajeren magana ne. In ka rubuta masa "taimako", layi shida zai ba ka, ya yi shiru. Bai taɓa gaishe da kowa ba, bai taɓa gode wa kowa ba, kuma a shekara goma sha uku bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Har yanzu ina jin ƙarar da yake yi kafin ya yi magana, ƙiit, kamar an taka wutsiyar mage. Daga nan sai ka ga a allo: "Ka buɗe alamar baka a layi na tamanin, ba ka rufe ba. A gidanku ma haka kake barin ƙofa?" Ko kuma: "Babu wannan fayil. Ko ka manta sunansa, ko ƙarya kake." Akwai wanda yau farfesa ne a Sakkwato, ya taɓa tashi tsaye a shagona ya ce sai an ba shi haƙuri. Na nuna masa allon na ce ga mai laifin nan, ya nema a wurinsa. Ya zauna, ya rufe bakan.

Amma halin da ya ba shi suna, wanda kuma dominsa nake wannan rubutu, shi ne tsayawa a kan aya. Duk inda ya iske aya a cikin rubutun ɗalibi sai ya dakata da aiki, ya yi ƙiit, ya ce: "Tsaya. Buɗe Mushafi. Shafi na nawa?" Ba ya karɓar "e". Ba ya karɓar "na sani". Sai ka buɗe, ka sa yatsa, ka rubuta masa lambar shafin, sannan ya matsa zuwa ta gaba. Risala mai ayoyi da yawa takan ci kwana biyu a haka, ɗalibi yana tsaki yana juya shafi.

Bari in faɗi dalilin, tunda wanda ya kashe shi bai tambaya ba. Jahili ba ya ba ni tsoro a wannan sana'a. Jahili yana tsoron kansa, harafi-harafi yake kwafa. Mahaddaci ne abin tsoro. Ɗalibanmu na nan yawancinsu sun haddace tun suna yara, saboda haka da ka suke rubuta aya, ba sa dubawa. Ayoyi kuwa akwai masu kama da juna, farkonsu ɗaya, ƙarshensu daban. A salla in liman ya zame akwai na baya da zai gyara masa. A kan kwamfuta babu na baya. Malam Tsaya ne na bayan.

Rashin lafiyarsa ta fara ne da tawa. Ranar Litinin aka cire mini yanar ido a idon hagu, likita ya ce kwana goma kada in dubi allo. Abdulmajid yana hutu, ya zo da iyali. Na ba shi makulli ta hannun matata Tasallah, da umarni guda: ya buɗe shago, wanda ya zo karɓar aikinsa ya ba shi. Wannan aiki ne da ko ƙusa a bango za ta iya, in an rataya mata jaka. Amma Allah ya yi surukina mai son alheri. A wurin aikinsa, in ji 'yata, shi yake rubuta littattafan da ke gaya wa ma'aikata yadda za su hau tsani. Ya zauna, ya rubuta "taimako", ya ga layi shida, zuciyarsa ta karaya saboda tausayin al'umma.

Ranar farko ya gyara saƙonni. Ya ce ba su da ladabi. Kowane saƙo yanzu da "Ya kai mai amfani mai daraja" yake farawa, ya ba ka haƙuri a kan kuskuren da kai ka yi, ya yi maka fatan yini mai kyau. Rana ta biyu ya rubuta littafin bayani, shafi tamanin da huɗu, Larabci da Turanci, da launi, da hotuna, har da babi a kan yadda ake karanta littafin. Da a nan ya tsaya, da na yi gunaguni na sati ɗaya na haƙura. Na san bakin marigayin yana da kaifi, ni na wasa shi. Ban ce kada a taɓa shi ba har abada.

Rana ta uku ya iso kan tsayawar. A ganinsa ita ma saƙo ce, kuma saƙo mai takura wa jama'a. Sai ya cire tsayawar, ya bar nasiha. Yanzu in an zo kan aya, wani koren layi ne yake wucewa da gudu: "Ana ba da shawarar a duba ayoyi idan hali ya yi. Don ƙarin bayani duba shafi na sittin da ɗaya." Daga nan ya goge tsohon, saboda shi mutum ne mai tsabta, ya bi shi har kwandon shara na kwamfuta ya zubar. Marigayin bai yi ko ƙiit ba. An riga an cire masa ƙarar tun ranar Litinin, wai tana firgita baƙi.

Laifina a nan ɗaya ne, kuma na amsa shi a gaban kowa: shekara goma sha uku ban ajiye kwafinsa a wani wuri ba. Na yi zaton ɓarawo ko gobara ne abin tsoro. Ban yi tunanin mai gyara ba.

Bayan la'asar ɗin ranar sai ga Malam Nu'uman, mutumin Gusau, shekararsa bakwai a garin nan yana rubuta risalar digirinsa na uku. Shafi ɗari huɗu da 'yan kai, aya ɗari shida da talatin da takwas. Ya zo da shirin zaman kwana biyu, har da dabino a leda. Aikin ya fito a minti huɗu. An ce mini rungume Abdulmajid ya yi, ya sa masa albarka shi da zuriyarsa. Aka ɗinke kwafi bakwai da koren bango da rubutun ruwan zinariya, ya kai wa malaman da za su zauna a kansa ranar Alhamis ta wannan makon.

Jiya Lahadi aka dawo masa da su. Wani dattijo cikin malaman ya buɗe shafi na talatin da ɗaya, ya ga kan wata aya an haɗa shi da ƙarshen 'yar'uwarta. Ya ci gaba, ya sami irin haka a shafi na ɗari da arba'in, ya rufe. Ya ce wanda ya zame sau biyu bai san sau nawa ya zame ba, kuma gaskiya ya faɗa. An ba Malam Nu'uman zuwa azahar ɗin Alhamis ɗin nan ya kawo gyararre. In ya wuce, zaman sai zangon karatu na gaba. Iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, tana ƙarewa ƙarshen wata. Matarsa Raudatu ta riga ta rabar da tukwanenta, an karɓo takardun yara daga makaranta.

Ya same ni a gida, ya zauna a ƙasa, aka kawo shayi bai taɓa ba.

"Baba Balarabe," ya ce, "ni da na ja tarawihi shekara tara ba a taɓa gyara mini ba."

Na ce, "Shi ya sa. Kai ma da naka kason. Ka ga aikin kwana biyu ya ƙare kafin ka ci dabino uku, ba ka tambayi wa ya mutu ba."

Abdulmajid yana tsaye a bakin ƙofa, bai shigo ba, ya san wannan ladabin dai. Da bango yake magana, ni ma da bango nake ba shi amsa.

"Ya ammi, Baba, wallahi tahsin kawai na yi, gyara ne. Kuma ban ɓoye ba, yana nan a shafi na sittin da ɗaya, har na ja masa layi."

Na tambayi bangon ko ya taɓa ganin ɗalibin da saura masa kwana ɗaya ya zauna karanta shafi sittin don ya isa na sittin da ɗaya. Sundus ta leƙo ta ce mini da Larabci, yadda ta saba ko da Hausa aka yi mata magana, "Abuya, malesh, yi haƙuri, niyyarsa mai kyau ce." Na ce mata ta ninke niyyar ta kai wa dattijon malamin, in ya sa mata hannu shi ke nan, halas.

Marigayin ya bar firinta guda, wadda tun ranar take buga duk abin da aka ba ta ba tare da wani ya ce mata kanzil ba. Ya bar Mushafin shago, wanda gefen shafukansa ya yi duhu da yatsun ɗalibai, yau kwana biyar ba wanda ya buɗe shi. Ya bar risaloli sama da ɗari biyu a ɗakunan karatu na Kano da Yamai da Injamena da wasu garuruwan da ban taɓa zuwa ba, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba saboda aya. Ya kuma bar magaji mai shafi tamanin da huɗu, mai fara'a, mai gaisuwa, wanda bai ɗauko komai na ubansa ba. Na sa an tokare ƙafar tebur da shi. A nan ya fara amfani.

Game da jana'iza, babu gawa, wanda ya yi kisan ya share wurin. Abin da za a binne shi ne kwafi bakwai na risalar Malam Nu'uman. Akwai ayoyi a cikinsu, ba za a jefa su a shara ba, ba kuma za a bar su a hannun mutane da kuskure a ciki ba. Za a naɗe su a farin ƙyalle mai tsabta, a kai su tsohuwar gonar dabinon Malam Isah da ke bayan unguwa, a binne a kusurwar da ba a takawa, gobe Talata bayan la'asar.

Za a karɓi gaisuwa a shago Talata da Laraba, daga hantsi zuwa la'asar. Ba a buƙatar abinci, ba a buƙatar dogon jawabi. Mai zuwa ya zo da Mushafinsa da tabaransa. Mahaddata su ma ana gayyatarsu, da sharaɗin za su duba da ido kamar kowa.

Shi kuwa Abdulmajid, na karanta wa mahaifiyarsa Hajiya Fatna wannan sanarwa ta waya daga farko har nan, ga abin da aka yanke. Zai zauna a shago kwana biyun nan da risalar a gabansa, ya bi ayoyin ɗari shida da talatin da takwas ɗaya bayan ɗaya, masu gaisuwa suna buɗe masa, yana rubuta lambar kowane shafi da biro. Ranar Alhamis shi zai ɗauki sababbin kwafin a hannu ya bi Malam Nu'uman har ƙofar dattijon malamin, in an makara shi zai yi bayani da bakinsa. Tafiyar shan iska da suka shirya zuwa Abha an soke ta. Hajiya za ta taso daga unguwar Uhudu gobe da safe, ta ce a ajiye mata kujera a bayansa. Ramin kuma shi zai tona, shi kaɗai.