Mace Ɗaya Tak a Littafin Kaka Odessa

"Sannu da hutawa, tsohuwa. Har yanzu kina numfashi?"

"Sai na binne ka tukuna, ɗan nema. Zo nan."

Ban daɗe da dawowa garinmu Macon daga karatu a Scotland ba, kuma na tarar Kaka Odessa da ƙanena Lamar ba su sauya hali ba. Ran nan da la'asar ita ce za ta jagoranci matan cocinsu a zaman karatu, kan yadda wani tsohon littafin makiyayan shanu ya nuna mata. Lamar ta aika ya sayo shi.

"A gwanjo ka samo shi ko? An yage matan."

"Wane irin an yage? Lambobin shafi a jere suke."

"To ina suke? Maza, shanu, ƙura, maza. Ko ƙwai ne ya ƙyanƙyashe su?"

"Tabaranki ne ya girmi littafin. Ki tambayi Boko, ga ta zaune."

Ni yake wa laƙabi da Boko. Na ce lallai littafin a cike yake. A makaranta ma mun yi muhawara a kansa, ban dai tuna abin da muka cim ma ba.

"An yi asarar kuɗin jirgi," in ji Kaka. "Allah ya taimake ni na sami ɗaya, Clementine. A kanta zan yi magana, Eula mai iyayin nan ta cocinmu ta ji kunya yau."

"Wace Clementine?" in ji Lamar.

"Jaruma! Ita ta fara tsallake kogi. Kwana da kwanaki ba ruwa, ba ta yi ƙorafi ba. Har shugaban ayari ta ciza."

"Ta cije shi, kuma ba ki yi mamaki ba?"

"Da ka san kakanka da ba ka tambaya ba."

Lamar ya karɓi littafin yana ta buɗawa, ya tsaya, ya dafa bango.

"Kaka, tsallake kike yi ko? Ga inda aka ɗaura mata sirdi. Goɗiya ce."

Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta daɗe a kan shafin.

"Shi ya sa ba ta yi aure ba," ta ce a hankali.

Sai dariya ta ƙwace mata har da tari. Ta tura masa farantin kek ɗin da ta gasa wa baƙi.

"Ci, ka ci ni yau."

"To me za ki faɗa musu?"

"Clementine mana. Ita kaɗai ce macen da marubucin ya ga ta cancanci suna. Su bayyana min dalili."