Ranar da na tauna miyar Kudu

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da na kai Hajara cin abincin Kudu a Karaye ba.

Hajara bazawara ce 'yar Beli ta ƙasar Rogo, ina neman aurenta. Ba ni da boko, gonata ba ta kai a nuna ba. Labari kawai gare ni: shekara tara na yi a Fatakwal ina sauke albasa daga tirela, aka ƙone rumfarmu, na dawo da raina. Wannan gaskiya ne. Ƙaryar ita ce da na ce mata babu abincin mutanen can da ban ci ba. (Tuwon Hausawan tasha kaɗai na sani.)

Wata 'yar Kudu da ake kira Madam ta buɗe wurin gasa kifi kusa da dam, jikin wani ɗaki da makaɗa ke gwaji. Hajara ta ce tana son gani. Yayanta Malam Idi, wanda aurenta ke hannunsa, ya rako ta.

Wurin ya ɗauke ni. Iska na tasowa daga ruwa, hayaƙin kifi na lilo, jita na ratso bango a hankali kamar daga wani gari. Irin wuraren da a Fatakwal nake leƙawa daga titi, yau ga ni a ciki, ga Hajara a gabana. Har na hango mu mun tsufa, tana yi mini fifita a tsakar gida.

Su suka ce kifi. Ni na ce, “Madam, sakwara da miyarku ta can gida. Kada ki rage komai.”

Miya ta zo koriya shar, da wasu baƙaƙen abubuwa masu tsini kamar tsakuwa.

“Malam, mene ne waɗannan?” in ji Hajara.

“Naman ruwa ne.”

Na haɗa uku da loma na tauna. Daidai nan makaɗan suka tsaya, kowa ya ji ƙaras.

“Haka ake ci?” Hajara ta tambaya.

“Haka ake ci,” na ce. “Amfanin yana cikin ɓawon.”

Na ƙara. (Namiji ba ya ja da baya, haka na yi zato.) A loma ta huɗu haƙorina na gefe ya rabu biyu. Na haɗiye shi da sauran.

Madam ta zo ta duba teburin. “Oga, ina ɓawon? Dodon koɗi ne fa, tsotsa ake yi.” Ta ɗauki ɗaya ta tsotse, ta ajiye ɓawon.

Malam Idi ya cire ƙaya daga kifinsa, bai dube ni ba. “Shekara nawa ka ce ka yi a can?”

“Tara, Yaya.”

“Wane gefen Fatakwal?”

Na dubi miyar, na dubi Hajara da ta cusa fuska cikin gyale, kafaɗunta na rawa.

“Tasha,” na ce. “Tasha kawai.”

A hanyar Rogo ta ce da ni ƙasa-ƙasa, “Gara da ka ce tasha. Da ka ƙara ƙarya ɗaya, da Yaya ya gama da kai.”

An ɗaura aure bayan girbin gyaɗa. Har yau da gefe ɗaya nake tauna, kuma na gane “ban sani ba” bai taɓa karya wa kowa haƙori ba.