Kumandan na Shagon Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na tashi haiƙan sai na zama jami'in leƙen asiri na sojan ruwa. Ni fa, ɗan Jibiya, wanda ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin garinmu!

Lokacin na gama bautar ƙasa, na dawo gida da digiri a cikin leda, ina jiran shagon Kawu Iliya, ƙanen mahaifiyata, a Magama, dab da shingen iyaka. Sabulu, ruwan leda, batir, sai zaman kallon motocin Maraɗi. Wallahi na gaji da shagon nan har cikin ƙashina. Ko aljanu ne suka ce suna ɗaukar ma'aikata, da na kai takarduna.

Sai ga sanarwar ɗaukar aikin sojan ruwa a waya. Na duba sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya: digiri, akwai. Shekaru, ban wuce ba. Lafiyar jiki, alhamdu lillahi. Harshen waje, ai Faransancin da na tsinta a bakin 'yan kasuwar Nijar ya isa in yi ciniki har in yi faɗa. Na ƙarshe, riƙon sirri. Na yi dariya na ce wannan ai shi ne mafi sauƙi. (Ka riƙe wannan dariyar, za mu dawo kanta.)

Na cike fom, na je na rubuta jarrabawa, kuma abin mamaki na ci. Takarda ta zo cewa in shirya ganawar ƙarshe, za a yi bincike a kan halina, kuma kada in tattauna batun da kowa. Har layi aka ja a ƙarƙashin "kowa".

To amma Inna ai ba kowa ba ce, uwa ce. Na same ta a tsakar gida na rage murya na faɗa mata. Ta rangaɗa guɗa, sannan ta ce, "Wannan ai sai da addu'a, ɗan nan." Washegari ta soya waina kwano uku aka raba sadaka gida-gida, kowane gida kuma sai an faɗa masu abin da za su roƙa, don kada addu'ar ta ɓata hanya.

Ina iya ɗora wa Inna laifi, amma tsakani da Allah na fi ta. Na faɗa wa abokina Sani ɗan acaɓa, na ce ya tsaya tsakanina da shi. Na faɗa wa mai shayi, tsakanina da shi. Na faɗa wa mai aski, shi ma haka. Kafin sati ya zagayo, rabin Jibiya na riƙe da sirrina, kowa yana jin shi kaɗai na amince wa. Direbobin Maraɗi suka laƙaba mini Kumandan, ni kuwa maimakon in hana, sai in ɗaga masu hannu kamar gwamna.

Na sayi baƙin tabarau. Na koma magana ƙasa-ƙasa ko da farashin sabulu aka tambaye ni. Na fara zuwa dam koyon iyo, rungume da jarkar mai wadda ba kowa a ciki, ruwan kuma iyakar ƙirjina. Kawu ya dube ni wata rana ya ce, "Kai, mi ya same ka? Cire gilashin nan, kana ba mutane omo a madadin gishiri."

Wata ranar Lahadi, ranar kasuwa, Kawu ya tafi ta'aziyya Daddara ya bar ni ni kaɗai. Sai ga wani mutum, dattijo-dattijo, da koɗaɗɗiyar riga da silifas, ya yi sallama ya sayi ruwan leda. Ya ce fataucin aya yake yi, yana jiran mota ta cika, ko zai ɗan zauna a inuwa? Ga baƙo, ga iyaka, ga ni. Na ce yau zan gwada aikina.

Na tura masa benci, na gyara tabarau, na shiga yi masa tambayoyin dabara. Daga ina? Buhu nawa? Wa ya sani a Maraɗi? Yana ba ni amsa a taƙaice yana shan ruwansa. Can ya ce, "Samari, ka iya tambaya kamar ma'aikaci."

Shi ke nan, ya gama da ni. Na waiga dama da hagu, na matso, na ce, "Baba, tunda ka gane, bari in faɗa maka, amma tsakanina da kai."

Jama'a, na zuba. Na faɗa masa aikin da na nema da ranar ganawa. Na ce an riga an ɗauke ni, sanarwa kawai ake jira. Na ce dam ɗin nan ina ƙetare shi in dawo ban huta ba. Na lissafa masa wanda ke bin hanyar daji da wanda ke bin titi, har da abin da ban sani ba na ƙara da gishiri. Da na ga kamar bai gamsu ba, sai na zaro takardar daga aljihu na miƙa masa. Ya karanta a natse, ya sa yatsa a kan layin nan da aka ja, ya ce, "Nan mi aka ce?"

Na ce, "A'a, wannan don mutanen banza ne, ba irinku ba."

Ya jinjina kai ya ce Allah ya ba da sa'a. Har ruwa na ƙara masa kyauta, na raka shi bakin titi ina jin na burge baƙo.

Bayan sati biyu na isa wurin ganawa, na sha guga, an yi mini aski har kaina na ƙyalli. Mutum uku ne a bayan tebur cikin fararen kaya. Na tsakiya ke tambaya da Turanci, na ƙarshe ya sunkuyar da kai yana ta rubutu, hula ta rufe masa fuska. Tambayoyin suka zo mini da sauƙi, har Faransanci na yi aka gyaɗa kai. A raina na ce Kawu sai ya nemi wani mai jiran shago.

Sai na tsakiya ya ce, "Wa ka faɗa wa kana neman wannan aiki?"

Na ƙame, na daki ƙirji, na ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe. Ko mahaifiyata ba ta sani ba."

Nan na ƙarshen ya ajiye biro ya ɗago kai. Ya ce da Hausa, a hankali, "Kumandan, ya shago?"

Mai aya! Inna lillahi! Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, ya kasuwa?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya ba abokan aikinsa labari ina tsaye. Ya ce da ya sauka tashar Jibiya ko sunana bai gama faɗa ba, wani ɗan acaɓa ya ce, "Au, ɗan leƙen asirinmu? Hau in kai ka." Ya ce a masallaci ya ji ana sa ni a addu'a, har da sunan aikin. Ya ce a duk yawon binciken da ya yi, ni ne mutum na farko da ya ba shi rahoto a kan kansa, ya haɗa masa da ruwan sha. Na tsakiya ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Sannan mai ayar ya dube ni ya ce, "Takardunka sun yi, kanka na ja. Surutu ma ana iya gyara shi. Amma yanzun nan aka ba ka dama ka faɗi gaskiya, ka ƙi." Wannan ta fi komai yi mini ciwo, don na san haka ne.

Na fito na manta ƙofar da na shigo, sai da wani soja ya juya ni. Da na dawo gida Inna ta ce Allah bai nufa ba, ta kuma soya wata wainar. Kawu ya miƙo mini makullin shago, tabarau ɗin kuwa ya ba mai gadin kasuwa.

Har yau direbobin Maraɗi Kumandan suke ce mini, ina kuma amsawa, ya zan yi? Abin da na koya dai shi ne, in za ka nemi aikin riƙon sirri, jarrabawar tana farawa tun daga tsakar gidanku, kuma mai yi maka ita ba lallai ya zo da fararen kaya ba. Yanzu na gyaru ƙwarai, ban ƙara faɗa wa kowa komai ba.

Wannan labarin ma, don Allah, ya tsaya tsakanina da kai.