Mu da Na'ura, Su da Kafso

Jama'a, jiya na yi asarar gugar babbar rigata. Tun hantsi muke shanye a rana a unguwarmu Sheshe, muna jiran Mai Girma Uban Marasa Lafiya, wanda ya rantse tunda soja sun koma bariki, talaka ma sai ya ɗanɗani romon dimokuraɗiyya. Ni ba romo ya kai ni ba. Yayata 'Yardada ce ke fama da asma, in ta taso mata tun daga zaure kake jin ƙirjinta yana fito.

Sai bayan azahar ya iso da motoci goma sha ɗaya. Aka yi kirari, aka ɗauki hoto, aka miƙa mana wata 'yar na'urar roba kamar usur. Malamar asibiti ta yi bayani: ka saka kafso a ciki, ka danna ta huda shi, ka kafa baki ka zuƙe garin maganin har huhu. Na ce madalla, ina kafson?

Sakataren kwamitin rabo, Alhaji Lawal, ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, mulkin farar hula ake yi. Unguwa ɗaya ba za ta lamushe komai ba. Ku kun samu na'ura, Soron Ɗinki sun samu kafso. Kowa ya shaida."

Wallahi na jinjina wa wannan adalci. Ko rabon gado albarka.

Na zarce Soron Ɗinki wajen abokina Ilu mai wankin hula, ko ma yi musaya.

"Ai mun shanye," in ji Ilu. "Wa ya ce mana shaƙa ake yi? Baba ya kora biyu da koko, ni ma na haɗiyi ɗaya saboda ciwon baya."

Na dawo wa Alhaji Lawal raina a ɓace. Ya dafa kafaɗata. "Kwantar da hankalinka, karɓa-karɓa ne. Zagaye na gaba ku ne da kafso."

"Yaushe, ranka ya daɗe?"

"Bayan zaɓe, in kun yi abin da ya dace."

A gida na tarar da 'Yardada zaune ta dafe gwiwa, tana jan numfashi da ƙyar. Tausayinta ya kama ni, na kwashe labari na gaya mata. Ta jujjuya robar a hannu.

"Saura shekara nawa zaɓen?"

Na ce uku.

"To, ka gaishe su," in ji ta. "Ka ce zan yi ƙoƙari in riƙe numfashin."