Ranar da Na Ɗauki Mashaya a Matsayin Allon Talla

Ko an biya ni in manta da Talatar nan ba zan iya ba. Saura mako guda in gama koyon aiki a wani ofishin masu zanen gini a Lyon, kuma a makon ne shugabata, Madam, za ta yanke ko za a ɗauke ni aiki. Sabunta takardar zamana a Faransa ta rataya a kan wannan.

Ta ajiye mini 'yar takarda: "Budget pub. An ba su izinin buɗewa har ƙarfe biyun dare. Nawa kuɗin zai ƙaru?" Ni kuwa mutumin Damagaram, ban taɓa leƙa mashaya ba, "pub" ɗin da na sani a Faransanci ita ce talla. Na ce, "Na gane, Madam." (Da ƙarfin hali na faɗa, har da gyaɗa kai.) Kwana biyu na yi ina lissafin allon talla mai fitila.

Ran Talatar muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris wajen mai ginin. Na miƙe cikin kwat ɗin aro na zayyana masa ƙwan fitila kala uku da wutar da kowanne ke ci. Mutumin ya ce, "Madalla. To tsohuwar da ke saman benen fa, yaya za ta yi barci?"

Madam ce ta karɓe zancen. Ashe mashaya ake ginawa, wadda Ingilishi ke kira "pub", kuma in an tsawaita lokacinta sai an ninka rufi da bango don tare hayaniya, a sa ƙofa biyu a mashiga, a ƙara injin fitar da iska. Nan kuɗin yake, ba a fitilata ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma na kai kukana shagon kawuna Alhaji a unguwar Goutte d'Or, nan cikin Paris. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Kai, ɗana, da ka san amsar nan da ni ne zan tuhume ka. Sha shayinka."

Madam ta ƙara mini kwana uku, na gyara, aka ɗauke ni. Shekara huɗu ke nan, ina jin daɗin aikina, ko da yake har yau "Monsieur Pub" suke kirana. Yanzu kafin in ce na gane, sai na tambaya sau biyu, don Faransancin da na fi cika baki da shi ne ya kayar da ni.